Farar Ƙasar Kabiriera

Zauna a tabarma, Fada, kujerar nan ƙafarta ɗaya ta mutu. Aroita, kawo wa Fada kwakwa mai sanyi, ba irin ta jiya ba. Matar jikan Tioti ce, wanda zan zo kan labarinsa, ita ke ɗawainiya da ni tun da ƙafafuna suka ƙi. To, ka ce tarihin coci kake tarawa saboda bikin cika shekara ɗari, kuma dattawa sun turo ka wurina. Sun kyauta maka. Da wurinsu ka tsaya, da ka kwana uku kana jin kakan wa ya fi ɗaukar dutse. Ni Rakera ba a nan Onoraki aka haife ni ba, ba ni da kakan da zan ƙara wa gishiri, don haka abin da na ji da wanda na gani kawai zan faɗa maka.

Cocin farko rumfa ce. Wani mutumin garin nan ya je aikin gonar kwakwa a wani tsibiri mai nisa, ya dawo da carbi a wuya da addu'a uku a ka, ya kafa sanduna a bakin ruwa ya rufa da ganye. Mutum tara ke taruwa, har da jarirai. Sai bayan shekara shida Fada na farko ya zo, ya tarar an riga an yi wa rabin ƙauye baftisma da ruwan rijiya, ya duba ya ce to, ba laifi. Iskar yamma ta kwashe rumfar sau biyu. A na uku aka turo wani Burada, ma'aikacin coci, Bature mai jan gemu, ya ce da dutse za a gina.

Mu nan ina muka ga dutse in ba na teku ba? Buradan ya san yadda ake ƙona dutsen teku ya zama farar ƙasa mai kama gini, amma ciwon ciki ya hana shi sakat, wata takwas ya yi aka mayar da shi. Mutum ɗaya ne ya manne masa har ya ɗauki aikin, Teikake, mahaifin surukina. Shi ya ƙarasa ginin cikin shekara bakwai, aka sa wa cocin sunan Waliyyi Andarawus tunda duk garin masunta ne. Ɓangaren da bagadi yake a yanzu, shi ne nasa. Je ka buga shi da guduma, hannunka ne zai yi ciwo.

Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san halinmu da sani. Wanda ya iya haɗa kwalekwale, ko ɗorin karaya, ko ya san inda kifi ke taruwa, wannan na gidansu ne kamar ramin da suke shuka gwaza. Ba a koya wa maƙwabci. Ɗa ɗaya ake zaɓa, wanda ya yi jinyarka, kuma ko shi ba a ba shi duka, akwai abu na ƙarshe da ake riƙewa sai an ga mutuwa a bakin ƙofa. Lokacin ginin nan mutanen gari su ɗauko dutse da itace su zube, Teikake ya kewaye raminsa da asabarin ganye ya kori kowa. Ya bar wa ɗansa Kabiriera. Kabiriera kuwa ɗa ɗaya ya haifa, Bauro, mijina.

Ni 'yar kudu ce, daga tsibirin da ko karensu ba ya shiri da Katolika. Ubana dattijon majami'a ne a can. A Tarawa, babban birninmu, na haɗu da Bauro yana koyon aikin jirgi. Ranar da na ce shi zan aura, ubana ya ce in na tafi kada in dawo, kuma shi ba ya faɗa ya janye. Na zo nan, aka sake yi mini baftisma kamar ta farko ba ta kama ba, na haifi Mikaere. Shekara biyu da wata uku ya yi a duniya, gudawa ta ɗauke shi cikin kwana huɗu. Yana nan bayan coci, kabari na shida daga bangon arewa. Shekara na zagayowa takarda ta zo daga masu jirgi, wai Bauro ya faɗa teku a wata ƙasa mai sanyi, ba a ga gawarsa ba.

Matar da mijinta ya mutu kuma ba ta da ɗa a raye, ba ta da taku ɗaya na ƙasa a garin miji. Ana ƙyale ta muddin akwai tsohon da take yi wa jinya. Ran da ya mutu dangi su gaji fili, ita kuma a naɗe mata tabarma a raka ta jirgi, da godiya da busasshen kifi. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Ba ni da inda za ni, kuma ko da akwai, ba zan iya tafiya in bar yaron nan a hannun mutanen da ba za su tuna su cire masa ciyawa ba. Duk zamana a tsibirin nan ya rataya ne a numfashin Kabiriera.

Shi kuwa tsohon, Allah ya ji ƙansa, ba a zama da shi a yi ƙiba. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya bai taɓa kiran sunana ba, sai “ke 'yar kudu”. In na gasa kifi ya ce na kashe shi sau biyu. In na dafa ya ce a garinku ruwa kuke ci? Da safe in durƙusa in roƙi Allah ya ja kwanansa, da rana in ji kamar in kifa masa tukunya a ka.

Ana nan mutane suka yi yawa. An kawo mana ma'aikaciyar jinya, yara suka daina mutuwa kamar da. Gida shida daga ƙauyen kudu suka yi rigima da fastonsu a kan wani alade, suka kwaso 'ya'yansu suka dawo wurinmu. Cocin da aka gina don mutum sittin, sai ga mutum ɗari uku. Ranar Lahadi rabin jama'a a waje suke, in ruwan sama ya sauko sai ka ga ana addu'ar Mas ana gudu. Aka ce a fasa bangon gaba a ƙara tsawo.

Shugaban kwamiti a lokacin Tioti ne, ɗan ƙanen Kabiriera. Ya yi aikin haƙar ma'adini a wani tsibiri, ya ga siminti, ya dawo yana jin kansa injiniya. Ya ce zamanin ƙona dutse ya wuce, wa zai jira shekara ɗaya kafin ya aza bulo ɗaya. Ko sallama ba su yi wa tsoho ba. Jirgi ya kawo siminti da rodi da kwano. Yashi kuwa suka ɗebo na bakin teku, don shi ya fi kusa kuma ya fi fari. Ruwan kwaɓi ma na teku, saboda shekarar fari ce, kuma a garin nan in aka ga ka zuba ruwan rijiya a ƙasa sai a ce ka haukace. Ba mugunta suka yi ba, tattalin ruwan sha suka yi kamar yadda iyayensu suka koya musu. Wata rana Kabiriera ya bi ta wurin da sandarsa, ya dangwali yashin da yatsa ya ɗanɗana, ya tofar, ya wuce.

Wata huɗu aka gama. Bishop ya zo ya sa albarka, aka yanka alade ashirin, aka rataya wa Tioti furanni har ba a ganin kunnensa. A shekara ta uku jan tsatsa ya fara tsiyayowa a bango. A ta biyar rodin ya kumbura daga ciki yana fasa siminti. Wata Lahadi wani ɓangare mai girman kan alade ya faɗo daidai inda tsohuwa Terenga take zama, ita kuwa ta tashi ke nan za ta karɓi jibin Ubangiji. Da ta yi wani zunubi a makon nan ta zauna, da mun binne ta. Daga ranar aka ɗaure igiya, jama'a suka koma waje, har da waɗanda a da suke ciki.

Sai ga dattawa a gidanmu da taba a hannu. Suka yi ta zagaye-zagaye, suka yabi Teikake, suka yabi bangonsa, sannan suka faɗi abin da ya kawo su. Kabiriera ya karɓi tabar, ya ce sanin nan na Bauro ne, kuma Bauro yana ƙarƙashin teku, mai so ya bi shi can. Tioti kuma ya tuna yana da baffa. Kullum ga shi da kifi, yana cewa Baba ka dawo gidana mana a kula da kai yadda ya kamata. Tsoho ya cinye kifin tas, ya ce ƙafarsa ba ta son sabon wuri.

Bayan kamar mako biyu ina shara ya kira ni.

“Ke 'yar kudu. Kabarina nake so a kewaye tun ina gani. Ban yarda da simintin Tioti a kaina ba.”

Na ce, “To Baba, sai a kira maza.”

Ya ce, “Wane maza? Su zo su ƙare mini kallo? Ke ba ki da hannu ne?”

Ni abin da na ɗauka, rowa ce irin tasa, ya ga mace ce kuma baƙuwa, ko na gani ba zan gane ba, ga ni kuma a banza. Mace da gini, ko a mafarki ba a taɓa ji ba a nan. Ban ƙi ba, don ba ni da bakin ƙi.

Da ruwan teku ya janye ya tura ni kan tudun teku da kwando. Na cika na kawo, ya watsar da rabi da sanda, ya ce wannan rayayye ne, wannan ya ruɓe, wannan kuma in kai wa ubana. Matacce yake so, fari, mai nauyi, wanda in ka haɗa biyu za su yi ƙara. Wata guda ina jido. Da tulin ya kai ƙuguna na ce sai ƙonawa, ya ce wa ya gaya miki, a bar shi ruwan sama ya wanke gishiri. Muka jira wata biyar. Kowane sati sai ya sa in lashi dutse in gaya masa abin da na ji. Mata suna wucewa suna dariya, Terenga ta ce Rakera, yunwar gidanku har ta kai haka?

Sannan rami. Na haƙa har ƙirjina, na kewaye da asabari. Ya zauna a kan kututture yana nuni da sanda: ɓawon kwakwa a ƙasa, gungumen tsohuwar bishiya a kai, a bar ƙofar iska ta gabas, manyan duwatsu a tsakiya, ƙanana a gefe. Kwana biyu wuta na ci. Ya koya mini, ko in ce ya zage ni har na iya, gane launin hayaƙin da ke cewa a ƙara itace da wanda ke cewa a bari. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni na dafa, ban ga romo ba, gashin girata ne ya ƙone. Da ya huce muka zuba ruwan rijiya, guga-guga, yana tafasa yana tofi kamar mai fushi. Maƙwabta suka kai ƙara wurin katikis, malamin cocinmu, wai muna ɓarnar ruwa. Tsoho ya ce a gaya musu rabonsa na wanka ne yake zubawa, kuma daga ranar ya rage wanka, ni ce shaida.

Aka rufe ramin da ganye da yashi. Na tambaye shi sai yaushe, ya ce sai Ista mai zuwa ta wuce. Shekara guda cur. A cikin shekarar nan ya fara tari, ni kuma tsoro ya kama ni, don kowane tari nasa ji nake kamar ƙahon jirgi. Na yi ta dafa masa abin da yake so yana kushewa. Ya sa na haƙo yashi daga tsakiyar tsibiri, can ƙarƙashin itatuwa, na wanke sau uku, na tace da rariya.

Da muka buɗe ramin, farar ƙasar ta yi laushi kamar man kwakwa da ya daskare. Ya nuna mini awo da ƙoƙon kwakwa, ya sa na yi ta dukan kwaɓin da kulki har kafaɗata ta sage. Na aza layin farko, ya zo ya tura da sanda ya rushe, ya ce ruwa ya yi yawa. Na sake, ya rushe, wai na bar rana ta sha shi, ba a rufe da ɗanyen ganye ba. A na uku na jefar da cokalin gini na ce masa Baba, in kabarin ne ka shiga haka nan, ba wanda zai sace ka. Ya dube ni, ina tsammanin zagi, sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake yi. Ya ce ɗauki cokalin, 'yar kudu, saura kaɗan. Na huɗun bai rushe ba. Bai kuma ce ya yi kyau ba, cewa ya yi farar ƙasa ta yi saura, kada ta lalace, in je in kewaye na yaron nan. Na kewaye kabarin Mikaere ni kaɗai, ina yi ina kuka, shi yana zaune nesa ya juya mini baya.

Wata bakwai bayan haka ya kwanta. Ranar da abin ya yi tsanani, da la'asar ne, gida ya cika. Mata suna jan carbi, katikis Arobati yana karatu, Tioti ya zauna daf da kansa yana yi masa fifita, kunnensa a miƙe. Kowa ya san abin da ake jira. Tsoho ya buɗe ido ya ce kowa ya fita. Aka fita, Tioti ya gyara zama.

Kabiriera ya ce, “Har kai.”

Tioti ya ce, “Baba, ni ne fa, Tioti.”

“Na gane ka. Ita nake so.”

Ka san gidajenmu ba bango. Suka koma gindin itatuwa suka tsaya, ba sa ji amma suna gani sarai. Ya sa na sunkuya har kunnena ya taɓa bakinsa, ya riƙe wuyan hannuna, ya yi magana. Abin da ya faɗa zan zo kansa, kada ka ƙosa. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Aka binne shi a cikin kewayen da na gina, aka yi addu'ar kwana tara. A rana ta goma matar Tioti ta zo da sabuwar tabarma mai kyau da ƙullin busasshen kifi, ta zauna ta yi ta yabona, ta ce ba a taɓa suruka irina ba. A ƙarshe ta ce jirgin kudu ranar Alhamis ne. Na yi godiya, na ajiye tabarmar.

Ranar Talata dattawa suka zauna a maneaba, babbar rumfar taron gari, kan maganar coci. Kowane gida a gurbinsa, mu mata a baya. Arobati ya ce gari ya ga abin da ya faru, sanin Teikake bai shiga kabari ba, yana wurin Rakera. Tioti ya miƙe ya ce abin gidansu ne, jini ne ke gado, in faɗa masa kafin Alhamis in kama hanya. Sai mafi tsufa a cikinsu, wanda da kyar ake jin muryarsa, ya ce shi dai abin da ya taso ya tarar, sani na wanda ya yi jinya ne. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa zubar da fitsarin Kabiriera ban da yarinyar nan. Ba wanda ya ɗaga kai. Tioti ya ce to ko an faɗa mata, mace ce, 'yar kudu, me za ta iya. Aka ce gani ya kori ji. Duk maneaba ta tashi aka nufi bayan coci, Tioti da sandar ƙarfe a hannu. Ya ɗaga zai sauke a kewayen baffansa, sai ya ji kunya, ya juya kan na Mikaere. Na ga duhu, Fada, da ba a riƙe ni ba da na cije shi. Ya buga sau uku. Ƙarfen ya yi ƙara, ɗan ɓalli kamar farce ya fita, shi ke nan. Alamar tana nan har yau.

Mata ba sa magana a taron dattawa, amma nan maƙabarta ce, ba wanda ya kafa mata doka. Na ce, “Duk mai son aiki ya zo, namiji ko mace, zan nuna masa komai, ba asabari. Abu na ƙarshe ne kawai ba zan faɗa ba sai ranar da na ga tawa mutuwar, kamar yadda aka ba ni.” Tsohon nan ya ce ai haka ake yi. Alhamis jirgi ya zo ya tafi, ina kan tudun teku da mutum arba'in ina watsar musu da dutse da sandar Kabiriera.

Sauran kana iya rubutawa da sauri. Mun rushe na siminti, muka haƙa rami shida, muka tayar da sabon gaba cikin shekara huɗu. Tioti ne ya fi kowa iya gane hayaƙi, gaskiya ɗaya ce, kuma kafin ya mutu ni ya ce a kira in kewaye nasa kabarin. Bayan shekara goma sha biyu muka ƙara fiffike biyu, dama da hagu. Hasumiyar ƙararrawa mata ne suka gina ta, rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Daga nan aka ba mu Fada mai zama, ba mai leƙowa sau uku a shekara ba, kai ne na biyar. Garin nan ya fitar da Sista biyu da Fada ɗaya. Kuma kowane rami, ranar da za a rufe shi, sai kowa ya ja baya a kafa asabari, in shiga ni kaɗai da ƙoƙo a rufe, in yi na ƙarshe in fito. Shekara talatin da takwas ke nan ba wanda ya sake kawo mini tabarma.

To, ajiye biron nan. Na ce ajiye. Ɗauko abin wuyan nan naka ka rataya, abin da ya rage ikirari ne, ba na littafi ba. Aroita, je ki duba aladen nan, kada ki dawo sai na kira.

Ka sa mini albarka, Fada, na yi zunubi. Ƙoƙon nan ba komai a cikinsa. In na shiga bayan asabari zama nake yi in yi wa tsoho addu'a ɗaya, in sha taba rabin kara, in fito. Ranar da ya sa na sunkuya, ga abin da ya ce:

“Babu wani na ƙarshe. Ubana bai ba ni ba, Bature bai ba shi ba. Duk kin iya, kin ma fi ni hannu. Amma ki ce musu akwai. Muddin suna jira ba za su sa ki a jirgi ba. Ki zauna kusa da yaronki, Rakera, 'yata.”

Shi ke nan. Sai a lokacin na gane kabarin hujja ce kawai, shekara biyu ya yi yana gina mini wurin zama da zagi, don ba shi da fili ko ɗaya da dangi za su bari ya ba ni. Shekara goma sha ɗaya ina jiran mutumin nan ya kira sunana, da ya kira kuma bai bar mini ko awa uku in amsa ba. Na so shi fiye da uban da ya haife ni, ban taɓa gaya masa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Fada huɗu sun ji wannan kafin kai, kowace Ista. Na farko ya ce in faɗa wa jama'a gaskiya, na ce to, ban faɗa ba. Na uku dariya ta ƙwace masa har ya yi tari. Kai ma ka ba ni abin da za ka ba ni, zan yi, amma kada in ruɗe ka, ban gama ba. Yarinyar nan Aroita 'yar arewa ce, ba ta haihu ba, mijinta ya tafi tsinkar 'ya'yan itace a ƙasar waje shekara shida, an ce ya ajiye wata a can. Na ga yadda dangin mijin suke kallonta, na san kallon. Ta iya dutse, ta iya hayaƙi, kwaɓinta ya fi nawa. Ranar da aka kira ka da man shafa wa mai mutuwa, in ka ji na ce kowa ya fita, ka taimake ni ka fitar da su, ka tsayar da su inda za su gani da kyau. Abu ɗaya ne ban bi tsoho a kai ba, ni tun bara nake kiranta 'yata.